Abin da na koya bayan na ba da kaina ga binciken cutar hanji

Na daɗe ina fama da gyambon babban hanji, kuma idan wannan cuta ta jima a jikin mutum, haɗarin kamuwa da sankarar hanji yakan ƙaru. Shi ya sa da likitata ta ce wata ƙungiyar agaji na ɗaukar nauyin wani bincike, kuma ana neman masu sa kai, ban yi wata-wata ba. Na karanta takardar amincewa a tsanake, na yi tambayoyina, na sa hannu.

Tun farko sun faɗa mini gaskiya: mai yiwuwa ni kaina ba zan ci moriyar sakamakon ba, kuma ina da ikon janyewa duk ranar da na ga dama, ba tare da hakan ya taɓa jinyata ba.

Nawa aikin bai wuce ba da jini, cike takardar tambayoyi, da kai samfurin bayan gida a 'yar kwalba ba. Na ƙarshen ne ya fi yi mini nauyi, saboda kunya. Sai ma'aikaciyar jinyar ta zaunar da ni ta yi mini bayani: a cikinsa ake auna alamar kumburi, a ga irin ƙwayoyin da ke zaune a hanji, a kuma gano jinin da ido ba ya gani. Yawancin sankarar hanji daga ɗan tsiro take farawa, wanda kan yi shekaru kafin ya rikiɗe, kuma idan aka cire shi da wuri an tare ta ke nan. Amma a 2020 kaɗai ta kama mutum kusan miliyan 1.9 a duniya, ta kashe fiye da 900,000. Ina ganin kunyar nan na da hannu a wannan asara.

Batun kuɗi ma ya buɗe mini ido. Akwai tambayoyin da babu riba a amsarsu, kuma a nan gudummawar jama'a ke shigowa. Dubi asfirin, maganin da ba shi da tsada. Farfesa John Burn na Jami'ar Newcastle a Ingila ya jagoranci gwajinsa a kan masu cutar Lynch, wadda ake gado, mai ƙara haɗarin sankarar hanji, kuma ƙungiyar agaji ta Cancer Research UK na cikin waɗanda suka zuba kuɗi. Sakamakon da ya fito a 2011, da na 2020 bayan doguwar bibiya, ya nuna sankarar hanji ta ragu a cikin waɗanda suka sha shi. Don Allah kada wani ya kama shan asfirin don ya ji wannan. Yana jawo zubar jini, musamman ga irinmu masu gyambon hanji.

Irin wannan aiki ba ya son gaggawa. Duk wanda ya ɓace a tsakiyar bincike ya rage ƙarfin sakamakon. Don haka ko lambar waya na canja, sai na sanar da su, kuma ko a watannin da jikina ya yi sauƙi ba na fashin zuwa.