Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ciwon Da Ya Sauya Hali

A makon jiya na tsaya inda aka ɗora ni kan allurar da ke danne kumburi saboda amosanin ƙashin baya da nake fama da shi, na samu sauƙi har barcina ya dawo. To, ana cikin haka sai baya ya sake tashi, amma da wani sabon salo.

Duk mai amosanin ƙashin baya ya san halin ciwonsa. Yakan tashe ka gab da asuba, ka wayi gari a sandare fiye da minti 30, sai ka yi ta kai da komo sannan ya sake ka. Hutu ƙara masa ƙarfi yake. Yau yana ɗuwawun dama, jibi ya koma hagu. Wannan sabon kuwa akasin haka ne. In na kwanta shiru lafiya lau, da na miƙe ko na yi tari sai ya soke ni a wuri guda, har ina iya ɗora yatsa a kansa.

Kowa a gida cewa yake tsohon ciwon ne ya motsa, a ƙara magani kawai. Likitata ba ta yarda ba. Ta jero min tambayoyi: akwai zazzaɓi ko gumin dare? Na rame? Ƙafa tana dindiris? Fitsari yana kuɓuce min? Duk na ce a'a. Sai ta ce, "Malam, ka faɗi kwanan nan?"

Na yi dariya na ce santsi ne ya ɗebe ni na zauna daɓas, ko ƙwarzane ban yi ba. Nan ta ajiye biro.

Bayanin da ta yi min ya sanyaya min jiki. Idan cutar ta daɗe, sabon ƙashi kan tsiro ya haɗe gaɓoɓin baya, alhali cikin ƙashin yana rasa ƙwari. Sai bayan ya zama kamar busasshiyar sanda, ba ya lanƙwasa, faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe wando tana iya tsaga shi. Kuma hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewa, sai an yi CT, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi dalla-dalla.

Ba karaya kaɗai take zargi ba. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwa kan zame ga mai amosani kamar yadda yake zame wa kowa. Sannan allurata, mai toshe sinadarin TNF da ke haddasa kumburi, tana iya farkar da tarin fuka da ya kwanta a jiki, shi kuwa yakan ci ƙashin baya. Gwajin jini na CRP, mai auna kumburi a jiki, ya fito daidai, amma ta ce hakan bai wanke kumburi ba, don marasa lafiya da yawa nasu ba ya hawa ko da cutar tana ci. Saboda haka ta haɗa min da hoton MRI, wanda ke nuna kumburi a cikin ɓargo da gaɓoɓin da suka haɗa baya da ƙugu.

Ta gargaɗe ni kada kowa ya yi min tausa ko ya ja bayan kafin sakamako ya fito. Ko kan gadon na'urar sai da aka tara min matasai a ƙarƙashin kai, don an hana a miƙar da ni da ƙarfi.

Abin da hoton ya nuna, da dalilin da ya sa ba a bar ni na koma gida ranar ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.