Godiya Bayan Ƙaddamar da Littafin Malam a Gusau

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taro ya tashi lafiya. A madadin Malam da iyalinsa, mu 'yan kwamitin shirye-shirye muna miƙa godiya ga iyayenmu sarakuna, malamai, ɗalibai da 'yan'uwan da suka taso daga Ƙaura Namoda, Talata Mafara, Anka da Tsafe. Allah Ya saka da alheri.

Sai kuma waɗanda ba a ambata a lasifika ba, alhali da guminsu littafin ya fito.

Malam ya fi shekara 20 yana tattara waƙoƙin noma da na gayya a littattafan rubutu na 'yan makaranta, wani da biro, wani da fensir har ya dushe, sai da ya haura shekara hamsin Allah Ya nufa littafin ya fito. Ƙannenmu biyu ne suka zauna suka buga su a kwamfuta, duk kalmar da ta shige musu duhu sai su tambaye shi, ba su taɓa yin cinke ba. Allah Ya yi muku albarka.

Malamin da ya tace rubutun ya yanke hukuncin da muke ganin shi ne daidai: bayanin marubuci ya bi daidaitacciyar Hausa, baitocin kuwa a bar su da Zamfarcinsu. "Shina hwaɗin" ba kuskure ba ne. Ka mayar da shi "yana faɗin", ka cire wa waƙar gishirinta, manomin da ya rera ta ma ba zai gane abarsa ba.

Inda aka sha wuya shi ne wajen ɗab'i. Gwajin farko ya dawo duk ƙ, ɗ da ɓ sun zama ƙananan akwatuna, saboda kwamfutar maɗaba'a ba ta da samfurin haruffan da aka yi bugun da shi. Maganin shi ne a aika aikin a PDF da haruffan a ƙunshe ciki, kuma a karanta gwaji a kan takarda, ba a fuskar waya ba, kafin a ce a buga. Mai maɗaba'ar ya sake mana gwaji sau uku bai ɓata rai ba. Shi ya nuna mana cewa shafi 16 ake bugawa a ninki ɗaya, don haka shafi 163 kuɗin 176 zai ci. Aka matse ya koma 160. Takardar ciki mai nauyin giram 70, bango mai kauri giram 300 da leda. Ya kuma dage a ɗinke kafin a sa gam, domin gam kaɗai ba ya jure zafin bazara, shafuka sai su riƙa zubewa. Mun gode, Alhaji.

Muna godiya ga ɗan'uwan da ya bi sawun lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa tun kafin a zana bango, ya kuma kai kwafi 3 da doka ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa.

Ga Hajiya, uwargidan Malam, da ta adana littattafan nan a akwatin ƙarfe gara ba ta taɓa ko ɗaya ba, Allah Ya biya ki da Aljanna.

Kwafi 500 aka buga. Wanda ya yi alkawari a wurin taro, nasa na nan a ajiye. Wanda ya ga kuskure, ya turo mana lambar shafi da layi, za a gyara a bugu na biyu, in sha Allahu.