Ashe ƙasar ma tafiya take yi

Yau da yamma ina yanke farce a tsakar gida sai autana ya dawo daga lesin, ya tsaya yana kallona, can ya ce "Baba, malaminmu ya ce ƙasar Saudiyya na tafiya da irin saurin da farcenka ke tsirowa." Na yi dariya na ce to ina za ta? Yaron nan ya ɗauko littafinsa ya zauna ya yi min karatu wallahi. Wai doron ƙasa ba guda ɗaya ba ne, manyan faifai ne da ke motsi a hankali, faifan Larabawa yana rabuwa da na Afirka yana matsawa arewa, kusan santimita 2 a shekara, shi ya sa Bahar Maliya da alhazanmu ke tsallakewa a jirgi take ƙara faɗi. Can arewa kuma yana tunkuɗar Turkiyya, duwatsun da ke mahaɗar faifan su maƙale shekaru aru-aru suna tara ƙarfi, rana ɗaya su suɓuce. Abin da ya faru ke nan a 6 ga Fabrairu 2023 da asuba mutane na barci, girgiza mai ƙarfin maki 7.8, sama da mutum dubu 50 suka rasu a Turkiyya da Siriya, Allah ya jiƙansu.

Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne da ya ce baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina daga aman wuta suka fito, har a shekarar 1256 wuta ta ɓalle kusa da garin, narkakken dutse ya malalo ya tsaya kafin ya iso. Na ga duwatsun nan da idona ta tagar bas lokacin umara, ni duk a zatona zafin rana ne ya ƙona su. In Allah ya sa na koma, da yaron nan zan tafi.