Takardar Maris da Hirar Mutanen Greensboro

Duk wanda ya sauka Greensboro daga Nijar ba ya rasa mai karɓarsa. Garin nan na jihar Karolina ta Arewa yana da 'yan uwanmu da yawa, Zabarmawa da Hausawa. Akwai masallatai, akwai inda ake sayen naman halal, kuma kafin baƙo ya gama warware gajiya an fara yi masa cigiyar aiki. Abu ɗaya ne 'yan uwa ba za su iya ba ka ba, wato hira da 'yan gari. Na daɗe ina aiki a wani babban sito, ina gaida kowa, kowa na amsawa da fara'a, amma daga nan ba ƙari. Ga wanda ya taso a Maraɗi, wannan shirun ya fi sanyin Janairu ciwo.

Watan Maris ne ya sauya lamarin. Dattijuwar da ke kula da sashenmu ta zagayo tana raba wata takarda mai layuka kamar rassan itace, kowane reshe da sunan jami'a da lamba a gefensa. Ta ce kowa ya cike hasashensa na waɗanda za su yi nasara a gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, ya kawo dala goma, wanda ya fi dacewa ya kwashe kuɗin. Na gaya mata addinina bai yarda da caca ba. Ba ta ɓata rai ba, ta ce in cike tawa ba kuɗi, za a manna ta a bango tare da na kowa. Da na kai wa Alhajin da ya saukar da ni zancen, cewa ya yi: "Ƙanena, tunda ba ka sa ko sisi ba kuma ba za ka karɓa ba, cike abarka. Mutanen nan a Maris ba su da wata magana sai ita."

Gasar ƙwallon kwando ce ta maza ta jami'o'in Amurka, wadda hukumar NCAA ke shiryawa tun 1939, lokacin da ƙungiyoyi 8 kawai suka fafata, Oregon ta ɗauki kofi. A 1985 aka kai su 64, a 2011 suka zama 68. Wasa ɗaya ne rak, babu gida da waje. Kamar gasar takobi ta kokawa a gida take: kana shan ƙasa ka fita, ko wane ne kai.

A gasar 2025, ƙungiyoyi 31 sun shiga da ƙarfinsu domin sun cinye gasar rukuninsu, wato gungun jami'o'in da suke karawa da juna tsawon kakar wasa, sauran 37 kuma wani kwamiti mai mutum 12 ne ya zaɓo su. Ranar wata Lahadi a tsakiyar Maris ake bayyana sunayen a talabijin. A shekarar, takwas ne suka fara karawa a Dayton ta jihar Ohio, huɗu suka tsira, aka samu 64 cif. Waɗannan ake rabawa shiyya huɗu, a kowace shiyya a jera su daga lamba 1 zuwa 16. Ta 1 ta haɗu da ta 16, ta 2 da ta 15, har a zo kan ta 8 da ta 9 waɗanda ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Manufar ita ce kada manya su cinye junansu tun da wuri, kuma wanda ya yi ƙoƙari tsawon kakar wasa ya sami hanya mai sauƙi da fili kusa da gida. Da an fitar da jadawalin ba a sake taɓa shi, shi ya sa mutum zai iya zama da biro ya bi wasa 63 har zuwa zakara.

Wannan rabon lambobi ya tsaya mini a rai, domin na san ɗacin a auna ka a takarda kafin a ga aikinka. Tun kakar 2018 zuwa 2019 kwamitin yana amfani da wani ma'aunin ƙarfin ƙungiyoyi mai suna NET, kuma yana ba da muhimmanci ga doke ƙungiya mai ƙarfi, musamman a gidanta. A baki adalci ne. Amma ƙaramar jami'a ina za ta sami manyan da za ta doke, alhali ba sa son zuwa filinta? Sai ka ga ta yi nasara kusan duk kakar, ta yi tuntuɓe sau ɗaya a gasar rukuninta, shi ke nan an rufe mata ƙofa. A 2025 kuwa rukunin SEC, ɗaya daga cikin rukunan manyan jami'o'i, shi kaɗai ya shigar da 14 daga cikin ƙungiyoyinsa 16. Ni dai ban ga daidai a nan ba, kuma na sha faɗa a ɗakin hutu. Jami'o'in garinmu biyu, UNC Greensboro da North Carolina A&T, suna cikin waɗanda kusan ba su da hanya sai ta cin kofin rukuni. A&T ta shiga a 2013, ta doke Liberty da ci 73 da 72 a Dayton, sannan aka haɗa ta da Louisville mai lamba 1.

Duk da haka fili ba ya karanta takarda. Tun 1985 babu lamba 16 da ta taɓa kayar da lamba 1, sai a 2018 da UMBC, wata jami'a ta jihar Maryland, ta lallasa Virginia 74 da 54. A 2023 Fairleigh Dickinson ta maimaita a kan Purdue, 63 da 58. Saint Peter's mai lamba 15 ta kai zagayen 'yan takwas a 2022, da tagwaye 'yan Mali a cikinta, Hassan da Fousseyni Drame. Irin wannan ne ke wargaza takardun kowa tun kwana biyun farko, Alhamis da Juma'a, da ake buga wasa 16 a kowace rana. Masu lissafi sun ce in da ka kawai mutum zai cike, damar ya dace a duka 63 ɗaya ce cikin tiriliyan miliyan 9 da 'yan kai. Shi ya sa baƙo ba ya jin kunya: wanda ya shekara arba'in yana kallo da wanda ya zo jiya duk jan biro ke cika musu takarda.

A jihar nan kuma dole ka zaɓi gida cikin manyan jami'o'inta: Duke a Durham, Carolina a Chapel Hill, NC State a Raleigh, ko Wake Forest a Winston-Salem. Ɗiyata ce ta fara kawo mini tambayar daga makaranta: "Baba, mu 'yan wa ne?" Daren 2 ga Afrilu 2022, farkon azumi, Carolina mai lamba 8 ta fitar da Duke mai lamba 2 da ci 81 da 77 a wasan kusa da na ƙarshe, wanda shi ne wasan bankwana na kocin Duke, Mike Krzyzewski. Muna fitowa daga asham muka tarar da maƙwabta a waje suna ta ihu. Wani da ban taɓa wuce ɗaga hannu da shi ba ya rungume ni.

Azumi ya ci gaba da faɗowa cikin gasar a shekarun da suka biyo baya, kuma shi ya juyo da tambayoyin kaina. A 2023 Adama Sanogo ɗan Mali ya buga wa UConn, wato jami'ar Connecticut, yana azumi, suka ɗauki kofi, aka ba shi kyautar gwarzon gasa. A 2024 NC State, wadda babu mai sa ta a lissafi, ta ci wasa biyar cikin kwana biyar ta ɗauki kofin rukunin ACC, aka ba ta lamba 11, ta bi ta kan Duke ta kai zagayen 'yan huɗu. Mohamed Diarra yana cikinsu da azumi a bakinsa, ana nuno shi yana buɗe baki a gefen fili. Washegari abokan aiki suka kewaye ni: ko ruwa ba a sha? Ƙarfe nawa ake sahur? Yara ma suna yi? Na yi shekaru ina azumi a tsakaninsu, babu wanda ya taɓa tambaya sai a wannan makon. Dattijuwar nan da kanta ta mayar mini da lokacin hutu zuwa faɗuwar rana.

Tun daga lokacin NC State nake rubutawa a takardata duk shekarar da ta shiga. Ɗiyata kuwa ta kafe a kan Carolina, ta ce ma can za ta yi karatun haɗa magunguna in Allah ya yarda, kuma uwarta ta goya mata baya.