Ranar Cikar Wa'adin Bashi da Lissafin Mai Jari

Kowace takardar bashi tana da ranar da aka ajiye domin a mayar wa mai kuɗi uwar kuɗinsa, kuma ita ce ranar cikar wa'adi. Abin da yake damuna shi ne, da yawa daga cikinmu a Kano muna saurin tambayar nawa za a samu, ba mu tsayawa mu tambayi yaushe kuɗin zai dawo hannu.

Takardun baitulmali, wato takardun bashin gwamnati da Babban Bankin Najeriya yake sayarwa, gajeren wa'adi gare su, kwana 91 ko 182 ko 364, amma a cikin takardun lamunin Gwamnatin Tarayya akwai masu kaiwa shekara 30. Sukuk (takardar jari ta tsarin Musulunci da ake biyan mai ita kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa) na farko da Ofishin Kula da Basussuka ya fitar a shekarar 2017, na naira biliyan 100 domin aikin hanyoyi, wa'adinsa shekara bakwai ne. Masu gudun kuɗin ruwa da suka saya sun riƙa karɓar kuɗin haya sau biyu a shekara, uwar kuɗin kuwa sai a 2024 ta dawo. Wanda buƙata ta taso masa kafin nan ba zai je ya ce gwamnati ta biya shi ba, sai dai ya sayar da takardar ga wani a kan farashin ranar, kuma idan ribar sababbin takardu ta haura, farashin tsohuwar yakan faɗi. Gwargwadon nisan wa'adi, gwargwadon girman faɗuwar.

Ga mai cin bashi, lamarin ya fi tsanani. Ɗan kasuwar Dawanau da ya ranci kuɗi da kaka ya cika sito da buhunan masara yana lissafin sayarwa da bazara ko tsakiyar damina, lokacin da hatsi yakan yi tsada. Idan wa'adin bashin wata uku ne, ranar biya za ta same shi kasuwa ba ta motsa ba, dole ya kwance buhunan ya karyar da su, ko ya koma neman ƙarin wa'adi da sharuɗɗan da ba shi ya zaɓa ba. Ya kamata kuma ya sani tun wajen sa hannu ko bashin na biya kaɗan-kaɗan ne kowane wata, ko kuwa dunƙule ake so a ranar ƙarshe, domin na biyun yana buƙatar kuɗin ya zama a shirye gaba ɗaya a rana guda.