Bayan tiyatar rage ƙiba, ƙafa ce abin lura

Duk wanda aka sa wa ranar tiyatar rage ƙiba, hankalinsa kacokan kan cikinsa yake komawa: me za a yanke, yaushe ciwon zai warke, yaushe nauyin zai fara sauka. Ni ma a nan tunanina ya tsaya. Aikin da aka yi mini shi ne wanda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar ɗan siririn sashe, kuma ta 'yan ƙananan hudoji aka yi shi, ba a farke cikin ba. Amma yanzu da na ratsa abin na fito, in wani ya ce in ba shi shawara guda ɗaya tak, ba zancen ciki zan yi masa ba. Zancen ƙafa zan yi masa.

Tun a ganin likita na kafin aiki na fara lura. Maganar tumbi ba ta ɗauke mu wani lokaci ba, sai ya koma tambayoyin da ban ga alaƙarsu da abin da ya kawo ni ba. Ko jini ya taɓa daskarewa a ƙafata? A danginmu fa, akwai wanda ya taɓa yi, ko wanda ya faɗi farat ɗaya bayan tiyata ko haihuwa? Ina shan taba? Ƙafafuna suna kumbura da yamma? Ina iya tafiya mai ɗan nisa ba tare da na tsaya hutawa ba? Da ya ji ina shan ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin, sai ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, waɗannan za ki daina su mako 4 kafin ranar aiki, za mu sauya miki wata hanyar." Masu shan taba kuwa ana so su bari aƙalla mako 6 kafin nan. Ina roƙon duk wanda zai zauna a wannan kujerar ya amsa tambayoyin nan tsakani da Allah, kada kunya ta sa ya rage komai, domin da amsoshin ne ake auna irin kariyar da za a ba shi da kuma tsawon lokacinta.

Dalilin duk wannan bin diddigin shi ne gudan jini. Zuciya ce ke tura jini ya sauka ƙafa, amma komawarsa sama ba aikinta ba ne ita kaɗai. Tsokar sharaɓa ce ke yin aikin famfo: duk takun da mutum ya yi sai ta matse jijiyoyin da ke can ciki, jini ya haura, wasu 'yan ƙofofi da ke cikin jijiyar su rufe don kada ya dawo ƙasa. In mutum ya kwanta shiru, famfon ya tsaya, jini ya riƙa tafiyar hawainiya. Tun ƙarni na 19 aka san abubuwa uku da ke haɗuwa su daskarar da jini, har ana jingina bayanin ga likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya sami rauni, ko shi kansa jinin ya ƙara saurin daskarewa. Mai ƙiba da aka yi wa tiyata yakan haɗa duka ukun. Nauyin ciki dama yana danne manyan jijiyoyin da ke ɗauko jini daga cinya. A lokacin aiki ana hura iskar gas a cikin ciki don likita ya sami sararin gani, wannan ma ƙarin matsi ne. Sannan ana ɗaga gadon ta wajen kai, ƙafafu su yi ƙasa, mutum kuma yana cikin barcin allura, ko yatsa ba ya motsawa. Shi kuma jiki, da zarar an yanke shi, ɗabi'arsa ce ya zaburar da daskarewar jini don ya tsai da zuba.

Gudan da ya tsaya a ƙafa ciwo ne da kumburi. Abin tsoron shi ne ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe hanyar huhu. Gaskiya ba kasafai hakan ke faruwa ba. In an ɗauki matakan kariya, ba ya kai mutum 1 cikin 100. Sai dai a cikin 'yan ƙalilan ɗin da ke rasa ransu bayan wannan tiyata, toshewar huhu na cikin manyan dalilai. Wannan maganar ta zauna mini a rai, ba don ta firgita ni ba, sai don na gane cewa a nan ne nake da abin da zan iya yi da kaina.

Ranar aiki an auna sharaɓata da idon sawuna da tef kafin a ba ni safar matse ƙafa. Kada a raina wannan awon. Mu masu jiki, safar da ba ta yi daidai ba nannaɗewa take yi ta taru a ƙasan gwiwa ta shaƙe wurin, ta zama ita ce matsalar da aka sa ta don ta hana. Wanda kuma jijiyoyin da ke kai jini ƙafarsa suka tsuke, ko ciwon suga ya kashe masa jin ƙafa, ba lallai ne a sa masa ita ba, don haka ya faɗa tun da wuri. A kan safar aka naɗa mini wasu riguna na ƙafa da ke haɗe da na'ura. Iska ta cika su su matse daga idon sawu zuwa sama, su saki, can su sake. Da su na shiga ɗakin tiyata, da su na farka. Suna sa gumi, ƙarar na'urar kuma tana hana barci, shi ya sa wasu ke roƙon a cire musu. Ni dai na bar su, tunda aikin da ƙafata ta kasa yi ne suke yi mata.

Tashin farko shi ne abin da ba zan manta ba. A ranar da aka yi aikin ne, maganin barcin bai gama sakina ba, kafaɗata tana zugi saboda ragowar iskar da ke cikina. Nas ta shigo ta ce, "Sannu da jiki, Hajiya. Tashi za mu yi." Na ce mata, "Yanzu, 'yar nan?" Ta ce, "Yanzu fa. A hankali za mu bi." Ta sa na juya gefe, na dogara da gwiwar hannu, na sauko da ƙafafuna na zauna a bakin gado har jirin ya wuce. Ta cire mini rigunan na'urar, ta miƙo mini ƙarfen da aka rataya ƙarin ruwa na riƙe, ɗaya hannun kuma na tallafe cikina da ƙaramin matashi. Ƙasan ɗakin sanyi ƙalau a tafin ƙafata. Muka taka zuwa bakin ƙofa, muka ɗan leƙa baranda, muka dawo. Tafiyar ba ta taka kara ta karya ba, amma na haɗa gumi sharkaf. Da na kwanta ta mayar mini da rigunan, ta nuna mini yadda zan riƙa ɗaga yatsun ƙafa zuwa wajen fuskata, in miƙe su gaba, in juya idon sawu. Ta kuma zare matashin da wani ya cusa mini ƙarƙashin gwiwa, ta ce yana danne jijiyar da ke bayan gwiwar. Daga nan duk bayan 'yan sa'o'i sai mu sake fita, kowane karo ya fi na baya sauƙi.

To, duk wannan a asibiti ne, inda akwai mai tashe ka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, mafi yawan gudan jinin da ke biyo bayan wannan tiyata sai bayan sallama yake bayyana, musamman a cikin watan farko. Ga shi yanzu ba a daɗewa a gado, kwana ɗaya ko biyu an sallame ka. Ka dawo gida babu na'ura, babu nas, ga gajiya, ga masoya da ke ganin kulawa ita ce su hana ka motsi. Maigidana da ƙanwata da zuciya ɗaya suke cewa in kwanta in huta, komai za a kawo mini. Sai da na zaunar da su na yi musu bayani, daga nan suka koma su ne masu tuna mini. Na sa ƙararrawa a waya, duk awa ɗaya in dai ba barci nake ba sai na miƙe na zagaya cikin gida na 'yan mintoci. A ganina gajeriyar tafiya a kai a kai ta fi doguwa sau ɗaya da za a yi sannan a wuni a kujera. Zaman kujerar nan ma yaudara ne: mutum yana ganin ai ya tashi daga gado, alhali gwiwa a lanƙwashe take, cinya a danne, sharaɓa ba ta aikin komai. Harɗe ƙafa kuwa na bar shi gaba ɗaya.

Ruwa ne ya fi ba ni wuya. Tumbin da ya rage ba ya karɓar fiye da 'yar kurɓa a lokaci guda, in ka yi gaggawa sai ka ji ta tokare maka ƙirji. Amma an ce in yi ƙoƙarin kai lita ɗaya da rabi a rana, domin jikin da ya bushe jininsa kauri yake yi. Babu wata dabara sai kwalba a hannu daga safe har dare, kurɓa, a dakata, a sake kurɓa. Launin fitsari ne ma'aunina. In ya yi duhu na san ina baya. Wanda amai ya hana shi riƙe ruwa kada ya jira gari ya waye sau biyu, ya koma a sa masa ƙarin ruwa.

Sai allura. An sallame ni da allurar tsinka jini, enoxaparin, wadda ke zuwa a ɗure cikin sirinjinta. Tsawon lokacin da ake yinta a gida ya danganta da haɗarin kowa. Wani kwana 10 ne, wani har mako 4, wani ma ba a ba shi, kuma likita ne ke yanke adadin bisa nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa. Kafin in bar asibiti aka sa na yi wa kaina a gaban nas. A tsunkuli fatar gefen ciki, nesa da cibiya da kamar santimita 5, nesa kuma da wuraren ɗinki, a soka allurar a miƙe, a tura a hankali. Ɗan kumfan iskar da ke cikin sirinjin ba a fitar da shi. Bayan an zare ba a murza wurin, yau dama gobe hagu, kuma a lokaci ɗaya kullum. Tana da ɗan raɗaɗi na minti guda, tana kuma barin shatar kwanciyar jini, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin da ake kai ƙara a kansa shi ne baƙin bayan gida, aman jini, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko jiri da bugun zuciya. An kuma ja mini kunne kan magungunan ciwo irin su ibuprofen, don suna ƙara haɗarin zubar jini, suna kuma cin sabon tumbin. Na san akwai masu dainawa da zarar sun ji ƙarfi, suna ganin ai sun warke. Jin ƙarfi daban, saukar haɗari daban. A ƙarasa abin da aka rubuta.

Wata safiya na tashi da tsami a sharaɓar hagu, ciwon yana can ciki kamar an ɗaure tsokar. Ƙanwata ta ɗauko man zafi ta ce, "Yaya, kawo in murza miki, jijiya ce ta harɗe." Na ce mata a'a. Ƙafar da ake zargin akwai gudan jini a cikinta ba a yi mata tausa. Muka jera ƙafafun biyu muka duba, muka auna su da tef a wuri ɗaya, na taɓa in ji ko ɗaya ta fi zafi. Ban ga bambanci ba, duk da haka na kira asibiti, suka ce in zo. Mai hoto ya shafa mini man nan mai sanyi, ya bi jijiyar da kan na'urarsa tun daga matsematsi har bayan gwiwa, yana dannawa yana kallon allo. Ya nuna mini yadda jijiyar ke lotsewa in ya danna. Wadda gudan jini ya cika ba ta lotsewa. Tawa lafiya lau take, tsoka ce kawai ta gaji. Babu wanda ya nuna na ɓata masa lokaci, kuma da za a maimaita, haka zan sake yi. Ido da hannu ba sa iya raba ciwon tsoka da gudan jini, wani gudan ma ba ya nuna alama ko ɗaya a ƙafa.

Alamomin da na sa mutanen gida suka haddace tare da ni su ne kumburi a ƙafa ɗaya, ciwo ko nauyi a sharaɓa ko cinya, zafi a wurin, ko fatar ta sauya launi. Waɗannan a nemi likita a ranar. Amma haki ba gaira ba dalili, ciwon ƙirji da ke ƙaruwa in an ja numfashi, zuciya tana dukan uku-uku, tari da jini, ko suma, waɗannan ba a jira, ɗakin gaggawa ake nufa nan take, a kuma faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa an yi tiyata kwanan nan. Akwai wani da ba a cika ambata ba: jini kan iya daskarewa a jijiyoyin da ke kwaso jini daga hanji zuwa hanta, an kuma fi ganinsa bayan irin aikin da aka yi mini. Alamarsa sabon ciwon ciki ne mai tsanani da tashin zuciya, mako ɗaya ko fiye bayan aiki, lokacin da ya kamata a ce sauƙi ake samu.

Wanda zai yi doguwar tafiya bayan aikin, musamman wanda a nesa da gida aka yi masa, ya tattauna ranar komawarsa da likita tun kafin ya sayi tikiti. Zaman da ya wuce awa 4 a jirgi ko mota yana ƙara haɗarin ko ga mai cikakkiyar lafiya, balle mai sabon ɗinki. In tafiyar ta zama dole, a nemi kujerar bakin hanya, a sa safa, a riƙa miƙewa ana takawa, kwalbar ruwa na hannu, allurar kuma tana cikin jakar hannu tare da takardar likita. Kafin a fita daga asibiti kuma a karɓi lambar da za a kira ko da tsakar dare ne, a tambayi ranar da za a daina allurar da ranar da za a cire safar, a sa su rubuta a takardar sallama.