Ƙafar da Ta Sha Siminti

Ran da aka yanke min simintin da ke ƙafata, na daɗe ina kallon abin da ya fito daga ciki. Mai yankan ya kashe ɗan injinsa mai ƙara, ya ɓare simintin gida biyu, sai ga wata 'yar siririyar ƙafa ta yi furu-furu, fata na saɓulewa, ga wani tsami da ke tashi. Na jera ta da ta dama na duba. Sha-raɓar hagu ta zube gaba ɗaya, kai ka ce ta ɗan autana aka aro min. Mako 7 kacal ta yi a ɗaure.

A watan Agustan 2023 abin ya faru. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun shekarar na jingine motata, na koma hawa acaba daga Tudun Wada zuwa wurin aiki a Sabon Garin Zariya. Wata Laraba da yamma an ɗauke ruwa, titi ya yi santsi, muna gab da PZ wani mai keke ya yanko mana ba ko sigina. Ɗan acaban ya take birki, muka zube, babur ɗin ya danne min ƙafar hagu. Shi ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Ni da na zo takawa sai na ji kamar an soka min ƙusa. A gida Yaya ta dage a kai ni wurin maɗori, ƙanena ya ce sai an ɗauki hoto tukuna. Hoton ya nuna ƙaramin ƙashin nan na gefen idon sawu ta waje ne ya tsage, amma bai goce ba, don haka ba a yi maganar aiki ba, siminti aka ɗaura.

Kafin nan, a shekara 44, ina cikin masu taƙama da jiki. Asabar da Lahadi muna buga ƙwallo da tsofaffin 'yan wasan unguwa a filin firamare, sau biyu ko uku a mako kuma in yi sassarfa bayan Asuba ta wajen Kongo in dawo. Wannan taƙamar ce ta fi karayar ɓata min lokaci.

Bayan cire simintin an tura ni sashen gashin ƙashi. Likitar, wata matashiya da ban girme ta da ƙasa da shekara 15 ba, ta rubuta min abin da zan riƙa yi a gida: in zauna in riƙa zana baƙaƙe a iska da babban yatsan ƙafa, in rataya tawul a tafin ƙafar in jawo shi zuwa ƙirjina, in dafa bango in ɗaga dunduniya in sauke, daga baya in gwada tsayawa da ƙafa ɗaya. Na karɓi takardar ina murmushi. A raina na ce ni da nake keta 'yan baya da ƙwallo, za a ce in zauna ina rubuta A, B, C da yatsa? Sau biyu na koma wurinta, na daina. Takardar kuwa ta ƙare a ƙarƙashin tangaran ɗin talabijin.

Ga kuma 'yan dubiya, Allah ya saka musu da alheri. Wannan ta aiko da farfesun ƙafar sa wai don ƙashi ya haɗu, wancan ya zo da fura da nono, wani da katon ɗin lemo. Da na fara takawa, iyakata majalisa da teburin mai shayi. Daga kilo 78 na tsinci kaina a 91 kafin ƙarshen shekara. Amma abin da ya fi ci min rai ba tumbin ba ne. Sallah ce. Ƙafar hagu ita ake shimfiɗawa a zauna a kai wajen tahiya, tawa kuwa ta ƙi lanƙwasuwa, ta sandare kamar itace. Tsugunno wajen alwala ma ya gagara. Sai na sayi farar kujerar roba na kai masallacin unguwa, na ajiye a ƙarshen sahu kusa da dattawan da suka haife ni. Tun ina cewa na mako biyu ne har aka shiga hunturu ina kanta.

A watan Janairun 2024 wani abokina ya shafa cikina a majalisa ya ce, "Alhaji, wata nawa ne? A sanar da mu ranar suna." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma a ranar Asabar ɗin nan na zaro tsohon takalmin ƙwallona na nufi fili. Ban yi minti 15 ba. Haki ya fara kama ni tun a zagayen farko, ƙurar hunturu ta cika min maƙogwaro, ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwa. Da aka ba ni wata ƙwallo na juya zan bi ta, ƙafar ta turguɗe a wani ɗan rami da ko yaro ba zai kula da shi ba. Kafin Azahar idon sawun ya haye kamar an hura shi. Na sake yin mako 3 ina ɗingishi, uwargida tana gasa min da ruwan ɗumi ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa zafi.

Haka na koma wurin likitar nan da kunyata. Ba ta yi min gori ba. Ta sa na tsaya da ƙafar dama kaɗai, na tsaya daram. Ta ce in koma ta hagu. Ban kai ƙirga biyar ba na kama bango.

"Ka gani ko, Malam?" in ji ta. "Ƙashi ya daɗe da haɗuwa. Ƙafar ce ta manta aikinta."

Bayanin da ta yi min ya zauna min har yau. Ƙarfin numfashi yana fara raguwa cikin 'yan makonni in mutum ya kwanta, amma shi ne kuma mai saurin dawowa. Tsoka tana bin bayansa. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa su ne 'yan baya, domin jinin da ke isa gare su kaɗan ne, sai su ɗauki watanni suna ginuwa. Sannan akwai wani ji da gaɓa ke da shi, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka a ƙasa ba sai ido ya duba ba. Rauni da dogon ɗauri suna dusashe shi, shi ya sa wanda ya taɓa karaya ko targaɗe a idon sawu yake yawan maimaitawa. Tsayawa da ƙafa ɗaya da na raina, maganin wannan ke nan. A ranar kuma aka auna jinina aka samu 150 bisa 95, aka ce in dawo a sake, domin in awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Aka sake, bai sauka ba. Mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa. Ban yi barcin kirki ba a daren.

Azumi ya kama a watan Maris, ana tsakiyar zafin bazara, don haka ban yi gigin fita gudu ba. Na zaro takardar daga ƙarƙashin talabijin. Bayan sallar asham in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in yi rubutuna da yatsa, in ja tawul, in ɗaga dunduniya sau 10 in huta in ƙara. Yara suka mayar da abin wasa, suna ƙirga min da ƙarfi in na tsaya da ƙafa ɗaya. Ran da na kai 20 har tafi suka yi.

Bayan ƙaramar Sallah na fara fita. Minti 5 tafiya, minti 5 dawowa, shi ke nan. Dabarar da ta cece ni ita ce haɗa fitar da sallar Asuba, domin na san kaina: in na koma gida da niyyar canja kaya, katifa ce za ta karɓe ni. Sai in tafi masallaci da kambas ɗina a leda, in shiga da su ciki, don wanda ya taɓa barin sabon takalmi a ƙofar masallaci ya san dalili. Ana shafa addu'a in ɗaura in kama hanya.

Ba wanda ya gaya min cewa kunya za ta fi ciwon wahala. A garin nan in aka ga magidanci yana tafiya a ƙasa da sassafe, fassara biyu ce: ko mai ya gagare shi, ko likita ya ce yana da suga. Masu babura da suka san ni su tsaya, "Malam, hau in rage maka hanya mana." In ce motsa jiki nake yi, su dube ni su dubi tafiyar hawainiyar da nake yi, su ce Allah ya ƙara sauƙi. Na kusa komawa fita da daddare saboda wannan.

Wani dattijo ne ya raba ni da wannan kunyar. Tsohon soja ne, a Depot na nan Zariya, wato barikin horar da kuratan soja, aka horar da shi tun kafin a haife ni, kullum da carbinsa yana tattaki daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka. Wata safiya na zabura don in wuce shi, na gaishe shi ina haki.

"Baba, ina... kwana."

"Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ƙafa? Yaya aiki?"

Yana jero gaisuwa ina amsawa guntu-guntu. Sai ya yi dariya ya ce in rage sauri. Wai ƙa'idarsa ita ce, in ba za ka iya amsa gaisuwa cikakkiya kana tafiya ba, ka wuce gejinka. In kuma har za ka iya rera waƙa, yawo kake yi. Daga baya na ji ma'aikatan lafiya ma da magana suke gwada matsakaicin motsa jiki, kusan kamar yadda ya faɗa. Tun daga ranar muke jerawa. Samun wanda zai tambaye ka "jiya ina ka shiga?" ya fi ƙararrawar waya aiki nesa ba kusa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau 5 ke nan. A takarda kamar wasa, amma ni sai wajen babbar Sallah, a tsakiyar watan Yuni, na kai. Sassarfa kuwa da turakun lantarki na dawo da ita: in yi gudu tsakanin turke biyu, in taka tsakanin uku, in sake. Ranar da ruwa ya tare ni a gida, in shiga zaure da jarka mai lita 10, wato kilo 10 in an cika ta, in rungume ta ina tashi ina zama a kan kujera.

A hankali na koyi bambanta ciwo da ciwo. Akwai tsamin jiki da ke zuwa washegari, ya bazu a cinya da sha-raɓa, ya tafi cikin kwana biyu ko uku. Wannan ba ya hana ni fita. Akwai kuma mai suka a wuri ɗaya, wanda za ka iya nunawa da ɗan yatsa, ka tashi da safe ka ga kumburi. In na ji wannan, hutu nake yi ba gardama.

A watan Agusta zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana 10. Da a da ne, ina miƙewa zan nemi rama abin da ya wuce a rana ɗaya. Wannan karon da rabi na koma, minti 15 na tafiya zalla, ban ƙara ba sai da mako ya zagayo. Baba ya ce ko kurtu in ya fito daga asibiti ba a ɗora masa kaya ranar.

Kada in yi ƙarya, ban koma yadda nake ba. Sikeli ya tsaya a 85 ya ƙi motsi, duk da malmalar tuwon dare ta koma ɗaya, sukarin shayi ya koma cokali guda, uwargida kuma ta rage hannu a gishiri da dunƙule bayan doguwar tattaunawa. Ƙwayar hawan jini ina shan ta kullum, tattaki bai ɗauke min ita ba, ya dai taimaka awon ya daidaita. Filin ƙwallo ina zuwa, amma usur aka damƙa min, ni ne alƙali, kuma wanda ya tambayi wata nawa ne cikina ya fi kowa shan kati a hannuna. A watan Disamba na bi babban ɗana muka hau Dutsen Kufena daga ɓangaren Wusasa. Hawan bai ba ni wuya kamar saukowa ba, a wasu wuraren ma da zama na gangaro, yaron yana ta ɓoye dariya.

Ita kuwa tahiya ban san ranar da za ta dawo ba sai da ta dawo. Wata Magariba ce a watan Oktoba, na makara, na tarar an ta da sallah, sahu ya cika har ƙofa, kujerata tana can ɗaya gefen ba hanyar isa gare ta. Na kabbara a inda na samu. Sai bayan liman ya yi sallama na lura a kan ƙafar hagu nake zaune, ta shimfiɗu a ƙarƙashina, tana ɗan ja kaɗan ta wajen idon sawu. Na daɗe a zaune a haka ban motsa ba, har ladan ya zo naɗe tabarmi ya ce, "Malam, lafiya dai?"

Kujerar tana nan a ƙarshen sahu. Wani dattijo mai ciwon gwiwa ya gaje ta, har ya sa jikansa ya rubuta sunansa a bayanta da fenti.